Sunan da ya kai Autan fadarmu Yamai, ya dawo da shi hannu rabbana

 

Yau ba maganar farashin hatsi muka zo da ita ba, ba kuma ta siyasa ba. Maganar suna ce. Suna guda ya ci mana tunkiya, ya ci kuɗin mota zuwa da dawowa, ya ci wata uku na wahalar yaro. Mun daɗe muna ɓoye labarin don kunya. Amma da muka ga yadda matasa ke tururuwa wajen koyon aikin kwamfuta, iyaye kuma na ta biya, sai muka ce gara mu tona kanmu da kanmu, ko ɗan wani ya tsira.

Mu bakwai ne a fadarmu, nan cikin garin Maraɗi. Akwai tela, akwai mai gyaran salula, akwai mai tsaron butik ɗin babansa, sauran kuma masu diplom ne a aljihu ana jiran ikon Allah. Da shayi da hirar ƙwallo muka fara, kamar kowace fada. Sai wani yayanmu da ya gama jami'a ya riƙa zuwa da tsohuwar kwamfutarsa, odinatar ɗin nan mai nauyin bulo, yana nuna mana yadda ake rubuta wa na'ura umarni ta bi. Da harshen Python ya fara mana. Kafin a ce me, tabarmar shayi ta koma lakwal. In kuran ya ɗauke mu ɗauko kaye da bik mu rubuta a takarda, in ya dawo mu gwada mu ga wa ya yi daidai. Daga baya aka tura yayan namu koyarwa wani ƙauye mai nisa, muka ci gaba mu kaɗai, kowa malami kowa ɗalibi.

Ƙaramin cikinmu, wanda muke ce wa Auta, ya fi mu duka kai. Abin da za mu kwana uku muna kokawa da shi, shi kafin a sauke shayi na biyu ya warware. Maraya ne, mahaifiyarsa ce ke riƙe da gida da kiwon ƴan tumaki da sayar da ƙuli-ƙuli.

Wata rana aka turo sanarwa a wani gurup na WhatsApp. Wani kamfani a Yamai na neman matasa biyu su yi sitaj na wata shida, wanda ya yi ƙoƙari a riƙe shi. Ba a nemi babban diplom ba. Sharaɗi guda ne: a iya Java. Za a yi gwaji bayan wata uku. Auta ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Yayyena, wanga Java ɗin, shi ne JavaScript da muke ji?" Ba wanda ya ce bari a bincika. Tela ya ce, "Shi ne mana! Gajarta shi anka yi, kamar yadda ake ce ma Ibrahim Ibro." Duka muka gyaɗa kai. Magana ta yi ma'ana, ta kuma yi daɗin ji.

Mai gyaran salula na da darussan JavaScript na bidiyo cikin wata kile da wani ya ba shi. Daga darasi na uku suka fara, na ɗaya da na biyu sun ɓace wajen kwafa. Wataƙila a can ne malamin ya yi gargaɗin da zai cece mu. Inna, mahaifiyar Auta, ta sayar da tunkiyarta mai ciki, aka saya masa kwamfuta ta gwanjo, aka ware sauran don kuɗin mota. Wata uku yaron nan bai san barcin kirki ba.

Ranar tafiya mu shida muka raka shi tasha da asuba. Tafiya ce ta sama da kilomita 600, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Washegari ya zauna gaban na'ura, aka ba shi tambaya, ya rubuta amsa yadda ya iya. Mai gwajin, wani dattijo mai sanyin hali, ya leƙo ya ce, "Samari, wannan ai JavaScript ka rubuta. Mu Java muka ce." Auta ya ce, "Mushe, ba ɗaya ba ne?" Dattijon ya ce, "Nijar da Najeriya ɗaya ne? Suna ya yi kama, amma kowa da tutarsa da kuɗinsa." Kamfanin ba shi da laifi ko kaɗan, sun rubuta abin da suke so daidai. Laifin namu ne.

Da ya dawo muka je gaida Inna. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi mana sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ɗiyana, ba ku kunka ce kun sani ba?" Ba wanda ya iya ɗaga kai.

A daren nan muka haɗa kuɗi muka sayi forfe, muka ce yau sai mun san asalin sunan da ya kunyata mu. Ga abin da muka tarar.

Java na kamfanin Sun Microsystems ne na Amurka. James Gosling da abokan aikinsa suka ƙera shi, ya fito a 1995. Da farko Oak suka sa masa, sunan wata bishiya, sai suka tarar wani kamfani ya riga su rajistar sunan, suka koma Java, sunan wani kofi da ake dangantawa da tsibirin Java na ƙasar Indunusiya. Shi ya sa tambarinsa kofin kofi ne mai tururi. JavaScript kuwa wani mutum ne daban, Brendan Eich, ya rubuta shi a wani kamfani daban, Netscape, a wannan shekarar dai ta 1995, kuma cikin kwana goma ya haɗa zubin farko. Sunansa na fari Mocha, sannan LiveScript. Amma a lokacin Java ne ke tashe, sai Netscape suka daidaita da Sun, a watan Disamba suka raɗa masa JavaScript don ya ci albarkacin sunan. Dabarar kasuwa ce kawai, irin ta mai butik da ke sa wa shagonsa suna mai kama da na babban kanti. Shekaru kusan talatin bayan haka, dabarar kasuwar nan ta zo har Maraɗi ta ci tunkiyar Inna.

Da muka ga haka muka ce to, sauran fa? Sai muka gane masu ƙera harsunan nan suna raɗa suna ne kusan yadda muke raɗa wa ɗiyanmu, kuma kowace hanya da tarkonta.

Akwai waɗanda sunansu gajartawa ne. Mu ƴan Nijar ba baƙin wannan ba ne, ƙasarmu cike take da su: NIGELEC, SONIDEP, SORAZ, BEPC, CEG. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta san Nijelek, ba ta kuma damu da abin da harufan ke nufi ba. Haka harsunan farko suka samu suna. FORTRAN, wanda John Backus da tawagarsa suka fitar a kamfanin IBM a 1957, an yanko shi daga kalmomin Ingilishi biyu masu nufin fassara ƙa'idar lissafi. COBOL na 1959 na nufin harshen bai ɗaya na harkar kasuwanci, har yau kuma akwai bankunan duniya da ke tafiya da shi. BASIC na 1964, wanda aka yi a kwalejin Dartmouth don masu fara koyo, shi ma harufan farko ne na kalmomi biyar. Tarkon a nan shi ne ma'anar harufan kan canza, harufan su tsaya yadda suke. PHP, da Rasmus Lerdorf ya saki a 1995, da farko yana nufin kayan aikin shafin mutum na kansa. Da ya girma aka sake masa ma'ana, yanzu harafin P na farko na nufin PHP ɗin kansa, suna cikin suna. Wanda ya dogara da fassarar harufa don ya san aikin abu, zai iya kama tsohon labari.

Akwai waɗanda aka yi wa takwara, kamar yadda ake sa wa jariri sunan kakansa. Pascal, da Niklaus Wirth na Suwizalan ya fitar a 1970, sunan Blaise Pascal ya ci, masanin lissafin Faransa da ya ƙera na'urar ƙidaya a wajajen 1642. Ada, wanda ma'aikatar tsaron Amurka ta sa aka ƙera, sunan Ada Lovelace ya ci, Baturiyar Ingila da ake kallo a matsayin ɗaya daga cikin mutanen farko da suka rubuta wa na'ura tsarin lissafi. Har kundin ƙa'idarsa na soja suka ba wa lamba 1815, shekarar haihuwarta. Waɗannan sunayen mutane ne, ba gajartawa ba, don haka ba a rubuta su da manyan harufa duka.

Akwai kuma na zuri'a, ɗa ya gaji uba. A 1967 aka yi BCPL. Daga shi Ken Thompson ya fitar da B. Daga B Dennis Ritchie ya fitar da C a 1972, a ɗakin binciken Bell. Bjarne Stroustrup ya fara ƙara wa C wasu abubuwa a 1979, a 1983 aka sa wa aikin nasa suna C++, domin a harshen C alamar ƙari biyu a jere na nufin a ƙara ɗaya. Wato C da ɗoriya. A shekarar 2000 Microsoft suka fito da C#. Mu da muka saba danna diyez wajen duba kuɗin waya, "se diyez" muke karanta shi, har ranar da mai gyaran salula ya faɗi haka gaban wani ɗan Kano ya rasa abin da ake nufi. "Si shap" ake cewa, alama ce ta masu rubuta kiɗa mai nufin a ɗaga murya kaɗan. Abin mamaki, C# ya fi kama da Java a ɗabi'a fiye da yadda ya yi kama da C. Wanda ke ɗauke da sunan gidan ba lallai ya biyo halin gidan ba.

Sai na laƙabi, waɗanda aka sa don nishaɗi kawai. Python ɗin da muka fara da shi, duk mun ɗauka sunan mesa ne, tun da ma macizai biyu ne a tambarinsa. Ashe Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan da ya sake shi a 1991, daga wani shirin barkwanci na BBC mai suna Monty Python ya ɗauko. Ruby na Yukihiro Matsumoto ɗan Japan, na 1995, sunan jan dutse ne mai daraja, don akwai Perl da ya riga shi mai kama da sunan lu'ulu'u. Lua, da aka yi a Burazil a 1993, wata ne na sama da harshen Fotugis. Kotlin sunan wani tsibiri ne kusa da birnin Saint Petersburg na Rasha. Ba ko ɗaya cikinsu da sunansa ke gaya maka aikin da yake yi, kamar yadda sunan Dogo ba ya gaya maka ko manomi ne ko maƙeri.

Mun ɗauka mun gama koyon darasi. Ashe akwai na biyu yana jiran mu, shi kuma a garka ya same mu.

Kawun mai tsaron butik na da garka a bakin gulbi, yana noman albasa da tumatir da rani. Muka ce za mu haɗa masa ƴar na'ura da za ta riƙa auna danshin ƙasa tana kunna famfo. Aka sayo mana ƙaramin allon lantarki, ESP32, daga Kano, aka ce yana jin Python. Muka rubuta umarninmu a kwamfuta, ya yi aiki sumul. Muka zuba a allon, ya ce bai san wani ɗakin kayan aiki da muka kira ba. Kwana huɗu muna zargin allon jabu ne, har an fara maganar mayar da shi. A rana ta biyar muka samu yayanmu a waya, ya hau tudu yana ihu, "Wane Python kuka sa? Na kwamfuta ko na allo?" Muka ce, "Yaya, Python nawa ne?" Ya yi dariya har layi ya yanke.

Nan ne muka gane abin da muke ganin shi ne ginshiƙin maganar nan duka. Harshe daban, mai jin harshen daban. Kwamfuta ba ta jin Python, ba ta jin Java, ba ta jin komai sai sifiri da ɗaya. Dole a samu tafinta a tsakani. Harshen shi ne ƙa'ida: ga kalmomi, ga yadda ake jera su, ga ma'anarsu. Tafinta kuwa wata manhaja ce da wasu suka zauna suka rubuta, mai karɓar abin da ka rubuta ta juya wa na'ura. Wani tafintan jimla bayan jimla yake yi, kamar na kotu. Wani kuma sai ya karɓi wasiƙar duka ya fassara ta tukuna ya miƙa. Kuma harshe guda na iya samun tafintoci da yawa. Hausa ɗaya ce, amma tafintan Tawa da na Damagaram ba komai suke faɗi iri ɗaya ba, akwai kalmar da wannan ya sani wancan bai sani ba.

Python ɗin da kusan kowa ke saukewa ya sa a kwamfuta, sunansa na yanka CPython, don da harshen C aka rubuta shi. Saboda shi ne na gidan asali, sai ake ce masa Python kawai, kamar yadda ake ce wa babban gida "gida" ba tare da ƙari ba. Akwai Jython, wanda ke tafiya a kan injin Java. Akwai IronPython na dandalin .NET na Microsoft. Akwai PyPy, wanda aka rubuta da wani yanki na Python ɗin kansa, ana son sa don sauri. Akwai MicroPython, da Damien George ya fara a 2013 don ƙananan alluna irin namu, an rage masa kaya da yawa don ya shiga ƴar ƙwaƙwalwarsu. Shi ne ke cikin allonmu, kuma ɗakin kayan da muka kira ba ya cikin kayansa. Allon lafiyarsa lau.

Ku lura da ƙa'idar: abin da aka liƙa a gaban sunan shi ke gaya maka gidan da tafintan ya fito ko inda yake aiki. C na nufin da C aka gina shi, J na nufin Java, Iron na nufin .NET, Micro na nufin na ƙananan na'urori. Haka take a Ruby: akwai CRuby, akwai JRuby. Na asalin ana kuma ce masa MRI, wato tafintan Ruby na Matz, laƙabin mai harshen. Mutanen Perl su da girman harafi suke rarrabewa: Perl da babban P harshe ne, perl da ƙaramin p tafinta ne. Amma kada a saki jiki da ƙa'idar. Akwai Cython, harafi ɗaya tak ya raba shi da CPython, shi kuma wani abu ne daban, mai juya rubutu irin na Python zuwa C. Tela ya taɓa ɓata dare guda yana bin darasinsa da zaton CPython yake koyo.

Wasu tafintocin ko sunan harshen ba sa ɗauka. JavaScript ɗin da Auta ya koya, wanda ke jin sa cikin Chrome sunansa V8, na cikin Firefox SpiderMonkey, na cikin Safari JavaScriptCore. Node.js, da ya fito a 2009, ba sabon harshe ba ne, V8 ne aka fitar daga cikin Chrome aka ba shi wurin aiki a waje. C da C++ kuwa manyan mafassaransu su ne GCC da Clang da na Microsoft. GCC ɗin ma ya canza ma'ana: a 1987 mafassarin C ne kawai na GNU, a 1999 aka mayar da harufan suna nufin tarin mafassaran GNU, don ya koyi wasu harsunan. A gidan Java akwai harufa uku-uku har kashi uku masu rikita sabon shiga. JVM shi ne injin da ke gudanar da aikin. JRE shi ne injin tare da kayan da ake buƙata don manhaja ta tashi. JDK shi ne akwatin maginin gaba ɗaya, har da mafassari. Wanda zai rubuta Java, JDK yake buƙata. Wanda ya sauke JRE, ya ƙona forfe ɗinsa a banza.

A ƙasashenmu masu Faransanci akwai irin wannan rikicin kusa da mu. Za ka ji ɗalibi ya ce ya iya WinDev. WinDev kayan aiki ne na kamfanin PC SOFT da ke Montpellier a Faransa, harshen da ake rubutawa a cikinsa WLangage ne. Haka Delphi kayan aiki ne, harshensa wani reshe ne na Pascal. VBA da ke cikin Excel ba shi ne VB.NET ba, ko da yake kakansu ɗaya.

Bayan harshe da tafinta akwai na uku, kundin ƙa'ida, wato takardar da ke cewa ga yadda harshen yake a hukumance. JavaScript a nan ma ya ƙara wani suna. Da yake sunan JavaScript mallakin Sun ne a rajista, daga 2010 kuma na Oracle da ta sayi Sun, Microsoft da suka yi nasu a 1996 JScript suka kira shi. Da aka kai maganar hukumar Ecma da ke Janeba aka rubuta ƙa'idar bai ɗaya a 1997, sai aka sa mata ECMAScript. In ka ga ES da lamba a gaba, JavaScript ake nufi. Harshe ɗaya, ya amsa Mocha, LiveScript, JavaScript, ECMAScript, kamar yaron da kowane gida a dangi ke da sunan da yake kiransa.

Lambobin da ke bin suna su ma iri biyu ne. Wasu shekara ce, kamar sunan rana. Yadda Ɗanjuma ke gaya maka ran Juma'a aka haife shi, haka C99 ke gaya maka ƙa'idar C ce ta 1999, C++17 ta 2017, ALGOL 60 na 1960. Wasu kuma jerin fitowa ne, kamar Python 3 ko Java 17. ES6 da ES2015 abu ɗaya ne, an fara kiransa da jeri aka koma shekara. Java 1.8 da Java 8 su ma abu ɗaya ne. PHP daga 5 ya tsallaka 7 a 2015, na 6 bai taɓa fitowa ba, wanda ya ce zai koya maka PHP 6 ka riƙe kuɗinka. Python 2 kuma an daina kula da shi tun ranar 1 ga Janairun 2020, amma tsofaffin littattafai da bidiyoyinsa na nan suna yawo a kile, kuma akwai rubutunsa da Python 3 ba ya karɓa.

Mu kuma da ke tsakanin Faransanci da Ingilishi muna da ƙarin kaya. A lakwal malami ya ce POO, a bidiyon ɗan Najeriya ko ɗan Indiya ka ji OOP, abu ɗaya ne aka juya harufan. SGBD na takardunmu shi ne DBMS nasu. Kamar dai OMS da WHO, ko SIDA da AIDS. Ɗayanmu ya taɓa rubuta POO da OOP a takardar neman aiki a layi biyu, a matsayin fannoni biyu da ya iya.

To yanzu ga abin da muke yi a fada. Mun sayi kaye na musamman. Duk sabon sunan da ya shigo mana, kafin kowa ya buɗe baki ya ce ya sani, sai an cike masa layi: yadda ake rubuta shi daidai, yadda ake faɗinsa, wa ya yi shi kuma yaushe, sannan babbar tambaya, shin harshe ne, tafinta ne, kundin ƙa'ida ne, ko kayan aiki? In akwai lamba, shekara ce ko jeri? Wanda ya ce "ai shi ne" ba tare da ya nuna inda ya gani ba, shi zai sayi sukarin shayi na mako. Tela ya saya sau biyu. Mun kuma yarda cewa a baki kowa ya faɗa yadda harshensa ya iya, Jaba ko Fayton, ba laifi. Amma a rubuce ba ma taɓa harafi ko ɗaya, domin injin bincike da mai duba dosiye harafi suke bi.

Muna roƙon iyaye, in yaro ya zo ya ce a biya masa kuɗin koyon harshen kwamfuta, a sa shi ya rubuta sunan a takarda, a nuna wa wanda ke cikin sana'ar, a tambaye shi ko shi ne wanda ake nema a wurin da yaron ke hari. Tambayar minti biyar ce. Masu cibiyoyin koyarwa kuma, don Allah ku riƙa rubuta cikakken suna da lambarsa a allon tallarku, ku kuma ware rana ta farko ku gaya wa ɗalibai bambancin harshe da tafinta. Mu kuma matasa, mu koyi cewa "ban sani ba". Da ɗayanmu ya faɗi wannan kalma ranar da Auta ya yi tambaya, da tunkiyar Inna ta haihu a gidanta.

Game da Auta, wata ukun nasa ba su tafi a banza ba. JavaScript ɗin da ya koya bisa kuskure shi ya yi amfani da shi ya haɗa wa wani mai sayar da kayan gini shafin lissafin kaya, aka biya shi ɗan abin da ya samu. Yanzu Java yake koyo, na gaskiyar, da JDK ɗinsa a kwamfutar gwanjo. Mu shida kuma mun yi adashi, kowa jika biyu a wata, don mu mayar wa Inna tunkiyarta. Saura wata biyu a cika. Ta ce ba ta so, mun ce ba shawara muka zo nema ba.

Masu sana'ar da ke cikinku, in kun ga inda muka yi tuntuɓe ku gyara mana, kayenmu na da sauran shafuka. Wanda kuma wani suna ya taɓa rikita shi, ya ba mu labari mu ƙaru. Allah ya ba matasanmu ilimi mai amfani, ya sa wa iyayenmu albarka cikin abin da suke kashewa a kanmu.